Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin 'Yan Sanda Da Magadan Gari Na Biranen Amurka

Ranku ya daɗe,

Ina yi muku sallama da gaisuwar girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jami'an da ke ƙarƙashinku. Ni direba ne, baƙar fata, ɗaya daga cikin dubban 'yan Afirka da suka zo ƙasar nan neman halaliya, zama ya kama su har suka hayayyafa. Shekara goma sha shida ke nan ina bin titunan Amurka, da farko da tasi, yanzu da motar haya ta manhajar waya, kuma galibin aikina na dare ne. Ina magana ne da yawun abokan sana'ata, da masu kai saƙo gida-gida, da matanmu masu aikin jinya da ke tashi daga aiki ƙarfe sha ɗaya na dare, da iyaye irina waɗanda yaransu suka fara riƙe sitiyari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne matakin da Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta ɗauka a watan Mayun 2025, kwanaki kaɗan kafin George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Minneapolis, ya cika shekara biyar da rasuwa. Ma'aikatar ta janye daga yarjejeniyar gyaran aikin 'yan sanda da aka shirya da biranen Minneapolis da Louisville, ta kuma janye sakamakon binciken da ita kanta ta yi a kan rundunonin wasu birane, ciki har da Memphis da Phoenix. Kafin nan, a watan Janairun shekarar, an rufe rumbun bayanan jami'an tarayya masu tabon laifi da aka kafa a ƙarƙashin umarnin shugaban ƙasa na 2022. Dokar da aka raɗa wa sunan George Floyd ta wuce Majalisar Wakilai har sau biyu, ta maƙale a Majalisar Dattawa. Tunda Washington ta zare hannunta, maganar ta dawo teburinku. Ƙasar nan tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kowace da shugabanta da ƙa'idojinta, kuma jami'in da zai tsayar da ni yau da dare ku yake ji, ba Washington ba.

Akwai wata magana da muke ji duk lokacin da aka kashe wani a bakin titi. A talabijin ake faɗinta, a wurin aiki ake faɗinta, har fasinjana ya taɓa faɗa mini ita daga kujerar baya: da ya bi umarni, da yana nan da ransa. A kan wannan maganar wasiƙata take.

Ba na gardama da bin umarni. Ni da kaina nake koya wa sababbin zuwa: ka tsaya a inda haske yake, ka kashe mota, ka sauke gilashi, ka kunna fitilar ciki, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari, kada ka fito sai an ce ka fito, in an ce ka fito kuma ka fito, domin Kotun Ƙoli ta ba su wannan ikon tun 1977. In kana da ƙorafi, ka riƙe shi sai gaban alƙali. Na kuma san aikinku ba wasa ba ne. Na san labarin Kyle Dinkheller, matashin jami'in da wani direba ya harbe har lahira a jihar Jojiya a 1998, wanda ake nuna wa ɗalibanku bidiyonsa. Duk jami'in da ya tunkari mota cikin duhu bai san wanda ke ciki ba, kuma shi ma yana da masu jiransa a gida. Wannan ba na musunsa.

Ƙorafina na farko shi ne, ana bin umarnin, kuma ana harbin mutum.

Philando Castile ma'aikacin ɗakin cin abinci ne a wata makarantar yara a St. Paul. Ranar 6 ga Yulin 2016 aka tsayar da shi a Falcon Heights, jihar Minnesota. Ya tsaya. Ya miƙa takardar inshora. Cikin ladabi ya sanar da jami'in cewa yana ɗauke da bindiga, wadda yake da izinin riƙewa. Jami'in ya ce kada ya ɗauko ta, ya ce ba ita yake ɗaukowa ba. Aka sakar masa harsashi bakwai, budurwarsa na gefensa, 'yarta mai shekara huɗu na kujerar baya, ya rasu. Kafin wannan rana an tsayar da shi sama da sau 40, galibi a kan ƙananan laifukan tuƙi, wato babu wanda ya fi shi sanin yadda ake tsayawa. A 2017 kotu ta wanke jami'in. A 2014, a jihar Karolina ta Kudu, wani jami'i ya ce wa Levar Jones ya nuna lasisinsa. Jones ya juya ya leƙa cikin motarsa don ɗauko lasisin da aka tambaye shi, aka harbe shi a ƙugu. Yana kwance a ƙasa yana tambayar abin da ya yi. A 2016 a North Miami, Charles Kinsey, mai kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, ya kwanta rigingine a tsakiyar titi, hannuwansa biyu a sama, yana ɗaga murya yana bayanin cewa abin da ke hannun majinyacinsa motar wasan yara ce. Aka harbe shi a ƙafa. Ku gaya mini, yallaɓai, wane umarni ne ya rage wa waɗannan mutane su bi?

Na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, umarnin kansa sau da yawa ba ya biyuwa.

Wani dare na hunturu, wajen ƙarfe biyu, na sauke fasinjana na ƙarshe na kama hanyar gida, sai na ga ja da shuɗi suna walƙiya a madubi. Na yi duk abin da nake koya wa mutane. Jami'ai biyu suka iso, ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama. Na hagun ya ce in ba shi lasisi da takardun mota. Na ce masa takardun suna cikin akwatin gaba, ko zan iya miƙa hannu? Ya ce in ɗauko. Hannuna na barin sitiyari, na daman ya daka mini tsawa cewa in nuna hannuna, ya dalla mini tocila a ido, ɗaya hannunsa a kan bindiga. Hannuna ya tsaya a iska, tsakanin sitiyari da akwati. In na ci gaba, na saɓa wa wannan. In na janye da sauri, motsi ne na ba-zata. Gaba kura, baya siyaki. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunnena, kuma Turancin da nake yi da fasinjoji dare da rana ya gudu daga kaina, kalma ɗaya ta gagara fitowa. Allah ne ya sa na hagun ya ce wa abokinsa shi ya ba ni izini.

Laifina, in ji su, carbi ne da ke rataye a madubin gaba, wai yana tare mini gani. Daga nan sai tambayoyi: daga ina nake, motar wane ne, akwai wani abu a ciki, za su iya dubawa? Na san doka ta ba ni damar in ce a'a. Na ce su duba, domin mutumin da aka gama haska wa tocila ana dafe da bindiga ba ya cikin halin yin a'a. Na zauna a kan dakalin titi cikin sanyi kusan minti arba'in suna birkita motar. Ba su samu komai ba sai abin sallah da gorar ruwa. Ba su rubuta mini tara ba, ba su kuma ce in yi haƙuri ba. Na yi makonni ban gaya wa maiɗakina ba. Carbin kuwa tun ranar yana gida.

Ni na koma gida da ƙafafuna, shi ya sa labarina ƙarami ne. A watan Disambar 2020, a garin Windsor na jihar Bajiniya, an tsayar da Caron Nazario, laftanar a sojan Amurka, yana sanye da kakinsa. An nuna masa bindigogi, ana ce masa ya fito da hannuwansa ta taga, ana kuma ce masa ya fito daga mota, alhali yana ɗaure da bel ɗin kujera da ba zai kwance ba sai ya mayar da hannu ciki. Ya ce yana tsoron fitowa, ɗaya daga cikin jami'an ya ce masa ai ya kamata ya ji tsoro. Aka fesa masa barkono a fuska. Diyyar da kotu ta ba shi ba ta kai dala 4,000 ba. A Memphis, a watan Janairun 2023, jaridar New York Times ta ƙirga umarni 71 da aka yi wa Tyre Nichols cikin kimanin minti 13. Ana ce masa ya kwanta yana kwance, ana ce masa ya miƙo hannu alhali hannun yana riƙe a hannunsu. Ya rasu bayan kwana uku, an doke shi a kusa da gidan mahaifiyarsa yana kiranta. Kuma don kada a ce wannan masifa ta baƙar fata ce kaɗai, Daniel Shaver farar fata ne. A 2016 a Mesa, jihar Arizona, yana rarrafe a barandar otal yana kuka yana roƙon kada a harbe shi, ana ta jero masa umarni da barazana, ya kai hannu wajen ƙugunsa, aka harbe shi. Ba shi da makami. Shi ma kotu ta wanke wanda ya harbe shi.

Ku duba yadda aka raba nauyin. A gefe guda akwai jami'i, wanda aka horar da shi watanni, ake biyansa albashi, yake sanye da rigar sulke, da bindiga, da rediyon kiran taimako, kuma shi ya zaɓi wuri da lokacin tsayarwar. A ɗaya gefen akwai mutumin da ya taso daga aiki a gajiye, ba a taɓa horar da shi ba, wataƙila kurma ne, wataƙila yana fama da taɓin hankali, wataƙila Turancin bai zauna masa ba. Amma shi ake so ya kasance mai natsuwa ɗari bisa ɗari, ko yatsa kada ya motsa ba daidai ba. In ya firgita ya yi kuskure, ransa ne farashin. In jami'in ne ya firgita, sai a ce ya ji tsoron ransa, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Graham da Connor a 1989 kotuna suke auna abin da idon jami'i mai hankali da ke wurin a wannan lokacin. Tsoron mai bindiga hujja ce a kotu, tsoron marar bindiga kuma shaida ce a kansa. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. A watan Mayun 2025 Kotun Ƙoli, da murya ɗaya, ta ɗan gyara a shari'ar Barnes da Felix, ta ce dole a duba dukkan abin da ya faru, ba daƙiƙun ƙarshe kawai ba. Ashtian Barnes, wanda shari'ar ke kansa, an kashe shi ne a 2016 a wajen Houston bayan an tsayar da shi kan kuɗin hanya da ake bin motar hayar da yake tuƙawa.

Na uku shi ne wanda ake tsayarwa tun farko. Wasu daga cikinku za su ce ba sa ganin launin direba, laifi kawai suke gani. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun tattara bayanan tsayar da motoci kusan miliyan 100, suka wallafa sakamakon a 2020. Sun gano cewa da zarar duhu ya shiga, lokacin da ganin fuskar direba ke wuya, kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa sai ya ragu. Sun kuma gano cewa ana binciken motar baƙar fata a kan zargi mafi rauni fiye da wanda ake buƙata kafin a binciki ta farar fata. Wani binciken na jami'ar a 2017 ya saurari maganganun jami'an Oakland daga kyamarorin jikinsu, ya samu cewa girmamawar da ake yi wa direba baƙar fata ba ta kai wadda ake yi wa farar fata ba, ko da laifin iri ɗaya ne, ko da jami'in shi ma baƙi ne. A garin Ferguson na jihar Missouri, rahoton Ma'aikatar Shari'a na 2015 ya nuna baƙaƙen fata su ne kashi 67 cikin ɗari na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a mota, kashi 93 na waɗanda ake kamawa. A birnin New York an tare mutane a titi sau 685,724 a shekarar 2011 kaɗai, kusan tara cikin goma aka sallame su ba tare da wani laifi ba, kuma a 2013 alƙaliya Shira Scheindlin ta yanke cewa yadda ake gudanar da tsarin ya saɓa wa kundin mulki. Ƙididdigar jaridar Washington Post daga 2015 zuwa 2024 ta nuna 'yan sanda na harbe kimanin mutum dubu a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, ana kashe baƙar fata fiye da ninki biyu na farar fata. Galibin waɗannan alƙaluma daga takardunku da kyamarorinku da kotunanku suka fito.

Kada kuma a ce a ɗauki baƙaƙen jami'ai shi ke nan an gama. Biyar ɗin da aka tuhuma da dukan Tyre Nichols duk baƙaƙe ne. Abin da aka koya wa jami'i ya ji tsoro, da unguwar da aka tura shi, da abin da aka yaba masa a kai, su ne ke tuƙa hannunsa.

Ƙofar da duk wannan ke shigowa ta cikinta ita ce ƙaramin laifi. A 1996, a shari'ar Whren, Kotun Ƙoli ta ce muddin akwai wani laifin tuƙi, komai ƙanƙantarsa, tsayarwar ta halatta, ko da ainihin abin da ke ran jami'in daban ne. Duk wanda ya yi tuƙi ya san babu direban da za a bi minti goma a rasa abin kama shi da shi. Walter Scott, fitilar birki ce, a North Charleston a 2015, aka harbe shi ta baya yana gudu. Sandra Bland, canja layi ne ba sigina, a Texas a shekarar, bayan kwana uku aka tsinci gawarta a ɗakin tsarewa. Daunte Wright, lambar mota da wa'adinta ya ƙare da abin ƙamshi a madubi, a 2021, jami'ar da ta harbe shi har lahira ta ce ta zaci bindigar lantarki ta Taser ta zaro. A binciken da New York Times ta yi a 2021, cikin shekara biyar an kashe direbobi da fasinjoji sama da 400 waɗanda ba su riƙe da bindiga ko wuƙa, ba kuma ana binsu kan wani mummunan laifi ba. Sama da mutum ɗaya ke nan kowane mako. Haɗarin da ake tsoratar da jami'ai da shi kuwa, wani malamin shari'a, Jordan Blair Woods, ya bi bayanan jihar Florida na shekara goma, ya ƙiyasta cewa ana kashe jami'i sau ɗaya ne cikin kimanin tsayarwa miliyan shida da rabi ta ƙananan laifukan tuƙi. Rai ɗaya ma asara ce babba, amma wanda aka horar da shi ya ɗauki kowace mota a matsayin kabarinsa, da wannan idon zai kalli walat ɗina.

Na ce walat, kuma kowane ɗan Afirka a ƙasar nan ya san wanda nake tunawa. Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, mai shekara 23, yana tsaye a ƙofar gidansu a Bronx daren 4 ga Fabrairun 1999, jami'ai huɗu cikin farin kaya suka harba masa harsashi 41, guda 19 suka same shi. Walat ce a hannunsa. An wanke su duka huɗun. Ousmane Zongo, ɗan Burkina Faso mai gyaran kayan sassaƙa, an kashe shi a wani ɗakin ajiyar kaya a Manhattan a 2003, a wani samame da ba shi da alaƙa da shi. Patrick Lyoya, ɗan gudun hijira daga Kwango, an tsayar da shi a Grand Rapids a watan Afrilun 2022 kan lambar mota. Shi kam ya fito daga mota, ya yi gudu, ya yi kokawa da jami'in, ba zan ɓoye wannan ba. Amma yana kife a ƙasa, jami'in na kansa, aka harbe shi a ƙeya. A 2025 masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya, mai gabatar da ƙara ya ce ba zai sake shigar da ƙarar ba. Ƙin bin umarni laifi ne, kuma doka ta tanadar masa hukunci: kamu, kotu, tara ko ɗauri. Ban san wata jiha da ta rubuta kisa a bakin titi a matsayin hukuncinsa ba, kuma tun 1985 Kotun Ƙoli ta hana harbin mai gudu sai in yana da haɗari na gaske ga rayuwar wani.

Mu baƙi muna da ƙarin nauyi da ba ku gani. Da yawa daga cikinmu sun taso ne da sanin cewa fitowa daga mota a tunkari jami'i ladabi ne, sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, gaggawar zaro takarda kafin a tambaya alamar gaskiya ce. A nan, ukun duka ana karanta su a matsayin barazana ko rashin gaskiya. Babu wanda ke gaya wa sabon zuwa wannan a filin jirgi.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe, kuma babu ɗaya a ciki da ke jiran Majalisar Dattawa.

Ku daina tsayar da mota a kan abin da ba ya barazana ga ran kowa: fitila ɗaya da ta mutu, abin da aka rataya a madubi, rajistar da ta ƙare kwanan nan. A aika wa mai motar takarda gida. Jihar Bajiniya ta rage irin wannan tsayarwa da doka tun 2021, birnin Philadelphia ya bi a 2022. Jami'an da suka huta daga farautar fitilar birki sai su fuskanci masu gudun ganganci da masu tuƙi cikin maye, waɗanda mu direbobin dare muka fi kowa tsoronsu.

Ku sanya a ƙa'ida, a rubuce, cewa mutum ɗaya ne ke ba da umarni a kowace tsayarwa, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a ba mutum sararin aiwatarwa. Jami'i ya fara da faɗin sunansa da dalilin tsayarwar. In ya ce a ɗauko takarda, ya tambayi inda take, ya sanar da abokin aikinsa kafin hannu ya motsa. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma da an yi shi da Levar Jones bai sha harsashi ba, da ni ma hannuna bai tsaya a iska ba. Horon kwantar da tarzoma kuma kada ya zama na kwana ɗaya don cika takarda. A Louisville, masu bincike na Jami'ar Cincinnati sun auna irin wannan horon, suka samu amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, raunin farar hula da kashi 26, raunin jami'ai da kashi 36. Jami'anku ne suka fi cin ribarsa.

Kada a binciki mota da sunan yardar direba sai an gaya masa a fili, gaban kyamara, cewa yana da damar ƙi, kuma ƙin ba zai jawo masa komai ba. Ku wallafa bayanan kowace tsayarwa: dalili, launin fata, ko an yi bincike, me aka samu, ko an yi amfani da ƙarfi. In babu son kai a rundunarku, alƙaluman za su wanke ku. Idan aka kashe mutum ko aka ji masa mummunan rauni, a fitar da bidiyon cikin kwanaki ƙididdigaggu, a fara nuna wa iyalinsa, kuma wata hukuma ta waje ta yi binciken.

Ku hukunta jami'in da ya tsaya yana kallo, ku kuma kare wanda ya riƙe hannun abokinsa. Jami'i Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwarsa minti tara da daƙiƙa 29, jami'ai uku suna wurin. Da ɗaya daga cikinsu ya ture wannan gwiwar, da an tsira da rai, da su ma ba su shiga kurkuku ba, da birnin Minneapolis bai biya diyyar dala miliyan 27 daga harajin jama'a ba. Wanda kuka kora saboda zalunci, ku shigar da sunansa inda sauran rundunoni za su gani, kuma ku duba kafin ku ɗauki kowa. Jami'in da ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a Cleveland a 2014, wata ƙaramar runduna a jihar Ohio ta riga ta rubuta cewa bai dace da aikin ba.

Ku tanadi tafinta ta waya da jami'i zai iya kira daga bakin titi, ku kuma zo inda muke taruwa, masallatai da majami'u da ƙungiyoyin direbobi, ku yi wa sababbin zuwa bayanin abin da kuke so su yi da hannuwansu, ku saurari abin da su ma za su gaya muku. Ku magadan gari da aka janye wa sa idon tarayya, ku aiwatar da gyare-gyaren da aka riga aka rubuta, ku kawo mai sa ido mai zaman kansa, ku sa kuɗinsa a kasafi.

Ɗana na fari yana da shekara 17, a nan aka haife shi, ya fi ni tsawo, muryarsa ta buɗe. Makon jiya na zaunar da shi a kujerar direba a ƙofar gida, na tsaya a bakin taga ina kwaikwayon jami'i. Muka maimaita sau huɗu: mota a kashe, gilashi ƙasa, fitilar ciki, hannu a sitiyari, lasisi a kan allon gaba tun kafin a tashi daga gida, nemi izini kafin ka motsa, kada ka yi gardama ko da kai ne da gaskiya. Ya yi komai daidai. Da muka gama, bai sauke hannunsa daga sitiyarin ba, ya ɗago ya ce, “Baba, to in na yi duk wannan kuma ya harbe ni fa?” Na buɗe baki, na rasa abin faɗa masa. Mahaifiyarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana jinmu, ta juya ta shige ciki.

Wata mai zuwa zai je gwajin tuƙi. Muna roƙon kowane shugaban runduna da wannan wasiƙa ta isa gare shi ya sa mana rana a cikin watan nan, mu zo mu zauna da shi, mu da 'ya'yanmu, ya amsa wa yaron nan tambayarsa da bakinsa.

Na gode da sauraro. Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya mayar da jami'anku da 'ya'yanmu gida lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani direban dare, uban 'ya'ya uku,
a madadin abokan sana'arsa da iyalansu.